Kundin fitar ƙarshen mako a Ruwanda, Fabrairu zuwa Mayu 2024

Asabar, 3 ga Fabrairu

Mu shida ne a wannan rukuni, malamai masu aikin sa-kai a Kigali. Litinin zuwa Juma'a na aji ne. Asabar da Lahadi muka ware don zaga ƙasar, muna rubuta abin da muka tarar saboda 'yan'uwan da za su gaje mu: wace mota ake shiga, ƙarfe nawa, me ake ci, ina ake sallah, me ke ɓata tafiya. Wurin da ba mu taka da ƙafarmu ba ba zai shiga kundin nan ba.

Da Nyamirambo muka fara, domin nan ce unguwar da Musulmi suka fi yawa a Kigali. A ƙidayar 2022 Musulmi kashi 2 cikin ɗari ne kacal na al'ummar ƙasar, don haka kada baƙo ya zaci zai riƙa cin karo da masallaci a kowace kwana. A Biryogo akwai layukan da aka hana mota shiga, an shafe ƙasa da fenti kala-kala, an jera kujeru a waje, ana sayar da shayi, capati, sambusa da shinkafar pilau. Nan ne mutum zai ci nama hankalinsa kwance. Ana jin Sawahili sosai a unguwar.

Abubuwa uku ne suka fi kamata a sani tun ranar farko.

Alƙibla. A gida mun saba da gabas, har kalmar ta zama sunan alƙiblar kanta. A Kigali Makka tana arewa ne, da 'yar karkata zuwa gabas, kimanin digiri 22. Wanda ya shimfiɗa sallaya ya fuskanci mafitar rana ya kauce sosai. A daidaita da manhajar waya sau ɗaya a masauki, a sa alama a bango. Kiran sallar asuba kuma kada a jira shi ta lasifika, a lokacin zamanmu, 2024, dokar hana hayaniya ta taƙaita shi. A saita ƙararrawar waya.

Sai agogo. Mutanen nan daga wayewar gari suke fara ƙirga awoyi. Ƙarfe bakwai na safe shi ne *saa moya*, wato awa ta ɗaya, takwas *saa mbiri*, tara *saa tatu*, sha biyun rana *saa sita*. Duk adadin da aka faɗa maka, ƙara shida. Alkawarinmu na farko da mai zagayawa da mu a unguwar a nan ya lalace: ya ce *saa tatu*, aka ɗauka ƙarfe uku na yamma, shi kuwa tun tara na safe yake tsaye yana jira. Dokar da muka kafa daga yau: duk alkawari a rubuta lambar a waya, a nuna wa mutum, ya gani ya amince.

Na ukun kalma ce: *oya*. A Najeriya "mu je" ake nufi da ita. A Kinyarwanda ma'anarta "a'a". Kada a faɗa wa ɗan acaɓa ita bayan an hau. "E" kuma *yego* ne, wani lokaci ma ɗaga gira kawai za a yi maka, amsa ke nan.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Kasuwar Kimironko. Motar haya ta cikin gari ba ta karɓar tsabar kuɗi, da katin Tap&Go ake biya. Ana sayen katin a tasha, a zuba masa kuɗi, a taɓa shi jikin na'ura a bakin ƙofa. Acaɓa ya fi sauri, amma fasinja ɗaya kawai yake ɗauka, kuma hular kwano dole ce ga direba da fasinja. Tunda kwanon na kowa da kowa ne, a tanadi 'yar hula mara nauyi ko ɗankwali a sa a ƙarƙashi. Mai zanna bukar ya cire ya adana a jaka. Mata masu doguwar riga su tattare gefenta kan cinya kafin a tashi, sarƙar babur ba ta da nisa.

An haramta leda a ƙasar tun 2008. A takarda ake ƙulla kaya, ita kuwa takarda ba ta jure danshi: nama, kifi ko tumatir mai laushi kan huda ta kafin a kai bakin titi. A je kasuwa da jakar yadi biyu da roba mai murfi guda ɗaya. Takardar kuɗi mafi girma ita ce ta faran 5,000, masu kayan miya kuma sukan rasa canjinta da safe. Yawancinsu suna da lambar karɓar kuɗi ta waya, hakan ya fi sauƙi.

Akwai wake iri-iri tuli guda, dankalin turawa, ayabar dafawa, fiya manya-manya da garin masara da suke kira *kawunga*, wanda ke yin tuwo mai kyau. Kuka da daddawa ba mu gansu ba, mai zuwa ya ƙullo abinsa daga gida, cikin gwangwani ko roba. *Isombe* dakakken ganyen rogo ne da ake dafawa da manja ko gyaɗa. A tambayi irin ƙashin da aka jefa a ciki. *Akabenz* naman alade ne, a riƙe sunan da kyau, haka ma *ingurube*. Tsirensu galibi na akuya ne, *ihene*, amma a mashaya wuta ɗaya ake gasa komai. Akwai kuma wani man barkono mai suna Akabanga a 'yar kwalba kamar ta maganin ido. Ɗigo biyu ya ishi faranti.

Ba a cin abinci ana tafiya a titi a nan. Ko gyaɗa ce, a samu wuri a zauna.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Yau *umuganda*. Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata, daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, duk ɗan ƙasa mai shekara 18 zuwa 65 zai fito aikin gayya. Shaguna a rufe, motoci a tsaye. Mutumin Kano zai tuna da tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, sai dai a nan ba zama ake yi a gida ana jiran a buɗe hanya ba. Shugaban unguwa, wadda suke kira *umudugudu*, yana sanar da wurin aiki tun kafin ranar, kowa ya zo da fartanya, shebur ko tsintsiya. A unguwarmu yashe magudanar ruwa aka yi saboda damina na tafe. Wani wurin gyaran hanya ake yi, ko dashen itatuwa, ko gina wa mai rauni ɗaki.

Ba a tilasta wa baƙo, amma shawararmu ita ce a fita. Gaisuwar maƙwabta ta canza mana tun daga yammacin yau. A sa takalmin roba da safar hannu. Bayan aiki ana zama a ƙasa a yi taro na kusan awa guda da Kinyarwanda, kan tsaro, inshorar lafiya da rigingimun maƙwabta. Kada a sulale kafin a tashi, taron ɓangare ne na aikin. A nemi wani matashi ya riƙa fassarawa a hankali.

Ga masu tsara tafiya: duk Asabar ɗin ƙarshen wata a cire ta daga lissafin doguwar hanya. Motar farko sai wajen sha biyu, tasha kuma a cike take maƙil.

Asabar da Lahadi, 2 da 3 ga Maris

Nyanza da Huye, tafiyarmu ta farko mai kwana.

Daga tashar Nyabugogo ake tashi. Tikiti na ɗauke da lokacin tashi, kuma ba a jiran mota ta cika. Wanda ya tsaya sayen ruwa ya makara da minti biyar sai ya sake sayen wani tikitin. An sa wa motocin haya na'urar da ke hana su wuce gudun kilomita 60 a awa, hanyar kuma hawa da gangara ce, saboda haka kada a yi lissafi da tazara. Nyanza ba ta kai kilomita 100 ba amma awa biyu ce, ta Kamonyi, Muhanga da Ruhango. A tabbatar tikitin na cikin garin Nyanza ne. Motar da ke zarcewa Huye a mararraba take sauke mutum a kan babban titi, sai an ƙara kuɗin acaɓa. Daga gari zuwa tudun Rukari, inda gidan tarihin fadar sarki yake, 'yan mintuna ne a babur.

Gine-gine iri biyu ne a wurin. Akwai fadar gargajiya da aka sake ginawa, ƙatuwar bukka mai siffar kifaffen kwando, da ciyawa tun daga ƙololuwa har ƙasa. Ana cire takalmi a shiga. Ciki an raba shi da saƙaƙƙun asabarai, ƙasa shimfiɗe da tabarmi, ga sanyi da ƙamshin busasshiyar ciyawa. A bayanta akwai bukkar madara, inda aka jera akusan katako masu dogon wuya da murfin saƙa mai tsini, da bukkar giya. Sai kuma ginin zamani da Turawan Beljiyam suka yi wa Sarki Mutara na Uku Rudahigwa a 1932. Ya rasu a 1959 a Bujumbura, kabarinsa na tudun Mwima kusa da nan, tare da na matarsa Rosalie Gicanda, wadda aka kashe a 1994. A tambayi jagora kafin a ɗaga waya a cikin wannan ginin.

Abin da ya fi tsayar da mu shi ne garken *inyambo*, shanun sarauta. Jajaye ne masu duhu, ƙahonninsu farare, dogaye, sun buɗe sun miƙe sama. Wanda ya san jajayen shanun Bororo zai ga kamanni nan take. An ɗaura wa wasu duwatsun ado a goshi. Makiyayin ya riƙe sandarsa a kafaɗa, ya matso kusa da kunnen wata saniya, ya fara rera mata kirari da siririyar murya yana shafa wuyanta. Ta daina tauna, ta sunkuyar da kai kaɗan, ta tsaya cak har ya gama. A gefe an hura wutar ciyawa mai hayaƙi don korar ƙuda, shanun da kansu suke zuwa su tsaya cikin hayaƙin. Kowace da sunanta. Ba don nama ake kiwonsu ba, don fareti ne a gaban sarki. A ba makiyayin ɗan abin goro, kuma kada a tsaya ta gefen ƙaho, juyawar kai kaɗai ta isa ta ji wa mutum rauni.

Daga nan muka fahimci wasu gaisuwarsu. Dattijo kan ce wa yaro *amashyo*, wato Allah ya ba ka garkuna, yaron ya amsa *amashongore*. Kyautar saniya ita ce ƙarshen girmamawa. Shirin gwamnati na Girinka, da aka fara a 2006, a kan wannan al'ada aka gina shi: a ba iyali matalauta saniya, idan ta haifi mace su miƙa wa maƙwabci 'yar maraƙar. A garuruwa akwai shagunan da madara zalla suke sayarwa, mai zafi ko *ikivuguto*, wanda kindirmo ne sak, sai dai babu fura. *Ubushera* kamar kunun dawa yake, amma idan ya kwana biyu yakan fara juyawa. *Ikigage* da *urwagwa* giya ne kai-tsaye.

Kuskurenmu na tsari: mun so haɗa gidajen tarihi biyu a rana ɗaya. Bai yiwu ba. Rukari kaɗai ta ci awa uku. Muka kwana a Huye, wadda a da ake kira Butare, garin da aka kafa jami'ar ƙasar a 1963. Dare da sanyi, rigar sanyi dole ce. Ranar Lahadi muka shiga gidan tarihin al'adu, wanda aka buɗe a 1989, kyauta daga Beljiyam, mai zaure bakwai. A ba zauren saƙa lokaci: kwandon *agaseke* mai murfi kamar hasumiya, wanda ke jikin tambarin ƙasa, saƙarsa ta fi ta faifai ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Akwai tsofaffin hotunan askin *amasunzu* da na samarin da ke tsallake sandar da ta fi tsayin mutum. Awa biyu sun isa. Tafiyar ta wuce tazarar ƙasaru, mun haɗa azahar da la'asar kafin hawa mota, domin direba ba ya tsayawa don sallah. A sayi tikitin komawa tun da safe, yammacin Lahadi ɗalibai da ma'aikata kan cinye kujerun.

Lahadi, 17 ga Maris

Kusan mako guda da kama azumi. Awa goma sha uku ne da 'yan mintuna, babu zafin da ya kai na Sakkwato ko Maiduguri, amma tuddai na cin ƙarfi. Mun dakatar da doguwar tafiya sai bayan sallah. Damina ta kankama, ruwa kan sauko da rana ba sallama, acaɓa duk su fake. Yau Lahadi ta uku a wata, ranar da ake rufe wasu manyan tituna daga 7 zuwa 10 na safe don motsa jiki, haka ma Lahadin farko. Mai zuwa tasha a irin wannan safiya ya ƙara rabin awa.

Asabar, 23 ga Maris

Gisozi a Kigali, wurin tunawa da kisan ƙare-dangin da aka yi wa Tutsi a 1994. An buɗe shi a 2004, kuma fiye da mutum 250,000 ne ke binne a manyan kaburburan da ke harabar. A 2023 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da Nyamata, Murambi da Bisesero. Shiga kyauta ne, na'urar bayani ta kunne ce ake biya.

Muna ganin ya kamata duk mai aikin sa-kai ya zo nan a watansa na farko, kafin ya je kallon shanu ko tafki. Mu mun makara. A ware awa uku, kada a haɗa da wata fita a ranar. Ɗakin ƙarshe na yara ne: babban hoto, suna, shekaru, abincin da yaron ya fi so, sannan yadda aka kashe shi. Ba mai iya magana bayan ya fito. A waje za a ga iyalai sun zo da furanni, danginsu ne a ciki. A rage murya, kada a ɗauke su hoto, kada a zauna a kan murfin kaburburan.

A gida tambayar "kai wane yare ne?" hira ce. A nan ba a yin ta ko kusa, ba ga ɗalibi ba, ba ga abokin aiki ba. An cire ƙabila daga katin shaida, kuma akwai doka mai tsanani kan musanta kisan ko rage masa nauyi. Wanda ya so ba ka labarinsa zai ba ka da kansa. Naka saurare.

Asabar, 13 ga Afrilu

Ba fita wannan makon, da gangan. Ranar 7 ga wata aka fara *Kwibuka*, wato tunawa da kisan ƙare-dangin 1994 da ake yi duk shekara, karo na 30. An kunna wutar tunawa a Gisozi, wadda za ta yi kwana ɗari tana ci. Makon farko na makoki ne: tuta a rabin sanda, babu kiɗa, babu biki, babu wasanni. Launin makokin ruwan toka ne. Yau ake rufe makon a tudun Rebero da ke Kigali, inda ake tunawa da 'yan siyasar da aka kashe.

Ƙaramar sallah ta faɗo ranar Laraba 10 ga wata, tsakiyar makon. A filin wasa na Nyamirambo, wanda aka sa wa sunan Pele a 2023, aka saba yin babbar sallar idi. Mun yi sallah, mun ci abinci a gida, mun kai wa maƙwabta, ba yawon sallah, ba ɗaga sauti. Masu zuwa baɗi su sani: a wannan lokaci abokin aiki na iya yin shiru ko ya ɓace kwana biyu. Kada a matsa masa da tambaya. *Mwihangane*, wato ku yi haƙuri, ko *komera*, ka daure, sun wadatar.

Asabar da Lahadi, 4 da 5 ga Mayu

Karongi, bakin tafkin Kivu. Awa uku zuwa huɗu daga Nyabugogo. Bayan Muhanga hanyar lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, biyu daga cikinmu sun yi amai. A zauna gaba, a ci abu kaɗan, a riƙe citta ko lemon tsami. Mun yi jinkirin yanke shawarar zuwa saboda a farkon Mayun 2023 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe fiye da mutum 130 a yamma da arewacin ƙasar. Sai da muka kira masauki ranar Juma'a muka ji labarin hanya kafin mu sayi tikiti. Gaskiyar magana, wannan tafiya ta fi dacewa da Yuni zuwa Agusta.

Tafkin na bisa tsayin kusan mita 1,460, zurfinsa ya haura mita 400. Babu kada, babu dorina. A ƙasansa akwai iskar gas mai yawa da ta narke cikin ruwa, daga gaɓa ana hango dandamalin KivuWatt da ke zuƙo ta ana samar da lantarki. Kwale-kwalen haya na kai mutane tsibirin Napoleon mai ɗimbin jemagu. A yi ciniki kan jirgin gaba ɗaya, ba kan kowane kai ba, a fayyace tsibiri nawa da awa nawa, a ƙirga rigunan ceto kafin a taka ciki. Da safe ake tafiya, bayan azahar iska na tashi, ruwan ya yi tsalle. Hawan tsibirin na da santsi a damina, silifa ba ya yi. Mun bar wanka a inda ruwa ke kwance cikin ciyayi saboda tsargiya.

Gab da magariba masunta ke fita. Kwale-kwale uku ake haɗewa da dogayen sanduna, wasu sandunan kuma sun miƙe gaba da baya suna riƙe da koma. Suna tuƙi suna waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, filafilai na faɗawa ruwa a tare. Idan duhu ya yi sai su kunna fitilu, hasken ya jawo *isambaza*, ƙananan kifaye masu tsawon yatsa da aka kawo irinsu daga tafkin Tanganyika a ƙarshen shekarun 1950. Ana soya su rumus a ci da ƙashinsu. Idan farin wata ya cika ba sa fita, fitila ba ta tasiri, don haka mai son ganinsu ya duba kwanan wata tukuna. Mu mun dace, watan Shawwal ya kusa ƙarewa.

Asabar, 18 ga Mayu

Zaman bita a gida. Shafukan Kigali, Nyanza, Huye da Karongi sun kammala. Shafin kalmomi ya kai talatin, za a ba wani abokin aiki ɗan ƙasa ya gyara rubutun. Ganin gwaggon biri a Musanze mun ajiye shi gefe, izinin baƙo dala 1,500 ne.

Na gaba gandun dajin Akagera ne a gabas, ta Rwamagana da Kayonza. Tun 2010 ƙungiyar African Parks ke gudanar da shi tare da gwamnati, an dawo da zakuna a 2015, karkanda a 2017. Motar haya ba ta shiga, sai an ɗauki hayar mai ƙarfin hawa tudu. Ta ƙofar kudu ake shiga a fita ta arewa, yini guda cur, don haka tashi daga Kigali da an idar da asuba. Akwai ƙudan tsando, an ce kowa ya bar tufafi baƙi da shuɗi a gida. Babbar sallah za ta faɗo tsakiyar Yuni, 29 ga wata kuma *umuganda* ce, ya rage 8 ko 22. Muna jiran farashin direbobi biyu, da tabbacin ko katin zamanmu zai rage kuɗin shiga. Za a tsayar da rana a zaman Laraba.